Rumfar Aro a Kasuwar Waya



Kwanakin baya na ratsa wani lungu a cikin gari, sai idona ya faɗa kan allon wani shagon ɗinki. Fenti ya koɗe, rana da damina sun ci rabonsu, amma rubutun yana karantuwa. Akwai sunan shago, akwai lambar waya, sannan daga ƙasa an jera wasu haruffa da lambobi guda takwas. Yaran yanzu ba za su gane su ba. Fin ɗin BlackBerry ne. Ranar da telan nan ya biya mai fenti ya rubuta masa wannan fin, babu ɗan zamani kamarsa a unguwar. Duk mai son ganin sabon ɗinki sai ya shigar da fin ɗin a wayarsa, a turo masa hotuna ya zaɓa. Yau ko ka kwafe shi tsaf ba inda zai kai ka, domin tun ranar 31 ga Mayun 2019 aka rufe manhajar hirar BlackBerry ta jama'a, wato BBM. Telan kuwa yana nan cikin shagonsa yana taka keke, lambar wayar da ke saman allon kuma har gobe ita ake kira a tambaye shi ko an gama ɗinkin sallah.

Abin da ya sa na tsaya kallon allon nan shi ne wata tambaya da ba na rabuwa da jin ta a bakin masu sana'a, tun daga mai shago a Kantin Kwari har zuwa matar aure mai haɗa turaren wuta da humra a ɗakinta. Sai ka ji an ce, "Malam, yanzu wanne ake yayi? Wanne zan buɗe?" Tambayar tana da ma'ana, kuma in ka saurara da kyau za ka ji gajiya a cikinta. Mutum bai gama koyon wannan ba, an ce masa jama'a sun tashi sun koma wancan. Ya bi su can, kafin ya shimfiɗa tabarma an sake cewa kiɗa ya canza.

Kuma gaskiyarsu ne. A 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya, ba a yi shekara talatin ba ke nan. A ɗan wannan tsakani mun ga 2go, manhajar hirar nan da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, wadda wajen 2011 da 2012 ta hana matasanmu barci, ta zo ta dusashe. Mun ga BBM. Kamfanin Google da kansa, duk ƙarfinsa, ya buɗe nasa dandalin mai suna Google+, ya rufe shi a Afrilun 2019 saboda kasuwar ta ƙi ci. Twitter da muka sani, Elon Musk ya saye shi a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, kafin shekara ta zagayo ya sauya masa suna zuwa X. TikTok kuwa, wanda yau har a majalisar masu shayi ake kallonsa, shekara goma da suka wuce babu wanda ya taɓa jin sunansa a nan.

Kafin in shiga kukan, bari in ba wa abin haƙƙinsa, domin alherin da ya kawo ba ƙarami ba ne. Mu da muka tashi a gidajen gargajiya mun san yadda mace ke kasuwanci daga cikin gida. Ta soya ƙosai ko ta dafa dambu, ta ɗora wa yarinya faranti a ka ta shiga gari. In kayan ɗaki ne ko zannuwa, sai dillaliya ta ɗauka ta bi gida-gida, ta dawo da yamma a cire mata la'adarta. Iyakar kasuwar matar nan ita ce iyakar inda ƙafar yarinya ko ta dillaliya za ta kai. Yau matar tana zaune kan kujerarta za ta ɗauki hoton dambun nama ko yajin daddawa, ta ɗora a sitatus, kafin azahar wata a Abuja ta turo kuɗi, kafin la'asar an kai ƙunshi tasha an damƙa wa direba. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ba sai ya tsallako iyaka ba kafin ya ga sabuwar atamfar da ta sauka a Kwari: a ɗauki bidiyo a turo masa, ya yi tayi da saƙon murya, a sallama. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 kuma, duk da wuyar da ya ba mutane, ya koya wa masu yawa karɓar transfa, har waɗanda a da ko asusun banki ba su da shi.

To, amma rumfar nan da muke kasa kaya a cikinta ta wa ce?

Nan ne nake so mu ɗan daɗe. Idan ka kama shago a kasuwar Sabon Gari ko ta Singa, ka san lambar shagonka, ka san layinka. Kwastoman da ya saya jiya, in ya dawo gobe zai same ka inda ya bar ka. Yanzu ka ƙaddara wata kasuwa wadda sarkin kasuwarta ke tashi da tsakar dare ya sake tsarin layuka. Jiya kana bakin ƙofa, yau ka wayi gari kana can ƙurya bayan masu gawayi. Bai sanar da kai ba, bai kuma gaya maka dalili ba. In ka yi ƙorafi ya ce ai ba ka biyan haya, amma in kana son komawa bakin ƙofa akwai farashi. Haka shafukan sada zumunta suke, ba ƙari a ciki.

A farkon Instagram, duk wanda ke bin ka yana ganin abin da ka ɗora bi da bi, na ƙarshe a sama. A 2016 kamfanin ya daina wannan tsari, ya ɗora wa na'ura aikin zaɓar abin da kowa zai fara gani. Wannan lissafin ɓoye shi ake kira algoridim. A Janairun 2018 kuma shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya fito ya sanar cewa Facebook zai riƙa fifita abin da 'yan uwa da abokai suka rubuta a kan abin da shafukan kamfanoni da kafafen labarai suka ɗora. Mutanen da suka shafe shekaru suna tara mabiya suka wayi gari suna magana, amma kaɗan daga cikin mabiyan ke ji. Mabiya dubu ashirin ba ya nufin ido dubu ashirin. Na'ura kan nuna wa 'yan ƙalilan tukuna. In sun tsaya sun kalla, sun yi sharhi, sun tura wa wasu, sai ta ƙara buɗe ƙofa. In sun wuce ba ko waiwaye, sai ta binne shi.

Ba mugunta ce ta sa suke haka ba, sana'arsu ke nan. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook, ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan ɗaya, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla yake fitowa. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin da ni da kai muke ɓatawa muna kallon waya. Duk abin da zai riƙe ido ya daɗe, shi zai tura gaba. Da TikTok ya nuna cewa gajeren bidiyo ya fi komai riƙe ido, sai Instagram ya fito da Reels a Agustan 2020, YouTube ya fito da Shorts, Facebook ya bi sahu. Mai sayar da leshi da ta ƙware wajen ɗaukar hoto mai kyau sai ta ga hotunanta sun daina tafiya. Kayanta ba su lalace ba, farashinta bai ƙaru ba. Sarkin kasuwa ne ya ce daga yau masu motsi da magana ne a bakin ƙofa.

A nan zan ɗan kauce in faɗi wani abu da nake gani ba a cika lura da shi ba. Wannan komawa zuwa bidiyo da murya, in akwai wanda ta yi wa rana, to Bahaushe ne. Lokacin da kasuwar intanet ta rubutu ce, kuma yawanci da Turanci, wanda bai yi boko mai zurfi ba a baya yake. Amma cinikin baki gadonmu ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mai maganin gargajiya da lasifikarsa a bakin tasha, ko ya ga yadda yaron shago a Kwari ke warware shadda ya karkaɗa ta a haske yana zuba mata kirari, ya san ba mu da abin koyo a wurin kowa kan jan hankalin mai saye. Abin da ya rage kawai a juya kyamara. Na ga dattawan da ba sa iya rubuta saƙo, amma suna cinikin miliyoyi da saƙon murya. Saboda haka wanda ke cewa shi ya tsufa da waɗannan abubuwa, ya sake tunani. Wayar ce ta dawo inda yake.

Sauya layi ma da sauƙi, a kan a rufe kasuwar baki ɗaya. Kuma an sha rufe ta. A farkon Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai ke nan. A Satumban wannan shekara ta 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni ba sabis. Ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida, daga bayan la'asar har wajen sha ɗayan dare a agogonmu. Ina tuna yadda mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna zargin datarsu ce ta ƙare. Ranar 14 ga Maris na 2024, azumi bai fi kwana huɗu ba, daidai lokacin da cinikin kayan sallah ke ɗaukar zafi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. 'Yan uwanmu na Chadi kuwa sun yi wata goma sha shida, daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, an toshe musu shafukan sada zumunta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Indiya. Ranar 29 ga Yunin 2020, bayan rikicin kan iyaka da Sin, gwamnatin Indiya ta haramta TikTok tare da wasu manhajoji 58. A lokacin kimanin mutum miliyan 200 ke amfani da shi a ƙasar. Akwai waɗanda da shi suke ci da iyalinsu, suna da mabiya miliyoyi. Dare ɗaya suka koma ba su da kowa, domin mabiyi ba kaya ba ne da za ka ƙulle a buhu ka ɗauka zuwa wata kasuwa. Sunayensu da hanyar isa gare su duk suna hannun mai rumfa.

To, mene ne tafiya da zamani a irin wannan kasuwa?

Amsar da matasa da yawa suka ɗauka ita ce a buɗe ko'ina. Na san wani yaro mai sayar da takalma da huluna, mai ƙwazo ƙwarai, wanda ke da shafi a wuri biyar. Da safe yana wannan, da rana yana wancan, da dare yana gyara bidiyo har ƙarfe biyu. Kwastoma zai tsaya a gabansa da kuɗi a hannu, shi kuma kansa na sunkuye yana amsa wa wani da ke tambayar farashi don nishaɗi. Na tambaye shi, cikin biyar ɗin nan wanne ya fi kawo maka ciniki a watan jiya? Ya yi shiru, sannan ya fara gaya mini wanda ya fi samun masu kallo. Ba abin da na tambaya ke nan ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. Duk wanda ya saya, tambaye shi, "A ina ka gan mu?" Ka rubuta a gefen littafin ciniki. Wata biyu ya isa ka ga gaskiya da idonka. Sau da yawa za ka tarar shafin da ake ta yi maka tafi a cikinsa ba shi ke kawo kuɗi ba. Bidiyonka zai iya kaiwa ga mutum dubu ɗari, amma in rabinsu yara ne masu neman abin dariya, sauran kuma suna garuruwan da kuɗin mota ya fi kuɗin kayan, me ka samu? Mai sayar da hatsi a Dawanau, wanda manyan kwastomominsa ba su fi talatin ba kuma duk ya san su da suna, ba shi da buƙatar rawa a gaban kyamara. Mai kwalliyar amare ko mai ɗinkin abaya kuwa, wadda sana'arta ta ido ce kuma kullum sabbin fuskoki take nema, in ta ƙi bidiyo ta cuci kanta. Kowa da inda kwastomansa ke zama. Sabon dandali in ya fito, ka leƙa, ka buɗe asusu don kar wani ya riga ka kama sunan shagonka, sannan ka sa ido. Ranar da ka ji kwastomomi uku ko huɗu sun ambace shi da bakinsu, lokacin shiga ya yi.

A kuma sa lissafi a ciki, domin abin da muke kira kyauta yana da kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, kuma bidiyo ya fi komai shan data. Wanda zai biya kuɗin talla a Facebook ko Instagram, tun farkon 2022 ake ɗora masa harajin VAT na kashi 7.5. Ga cajin waya, ga kuɗin da ake biyan taurarin finafinai ko masu tarin mabiya don su ɗaga kayanka su yaba. Duk waɗannan daga riba suke fita, kamar kuɗin dako da na mai gadi. Wanda bai rubuta su ba zai ga kaya suna fita, ana ta hada-hada, ƙarshen shekara uwar kuɗi ta rame bai san ta inda ta zube ba.

Yanzu bari mu koma kan lambar da ke saman allon tela. A duk abin da ka tara a intanet, wanda za ka iya cewa naka ne shi ne sunan kwastoma da lambar wayarsa da sanin abin da yake so. Ina da ƙanwa mai sayar da kayan kicin daga gida. Tana da wani littafi mai bango baƙi, irin na 'yan makaranta. Duk wadda ta saya, ko da cokali shida ne, sai ta shiga littafin: suna, lamba, unguwa, abin da ta saya, da kuma ko tana da 'yar da ake shirin aurarwa. Ina yi mata dariya da farko, ina cewa Hajiya, ga waya a hannu me za ki yi da biro? Sai ranar da aka sace wayar a wurin biki. Kwana biyu ta karɓo layinta, ta zauna da littafi ta mayar da lambobi ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta ci gaba. Tun ranar na kama bakina.

Wannan ne ma ya sa WhatsApp ya fi kowane dandali zama a hannun 'yan kasuwarmu, domin a kan lambar waya aka gina shi. Amma shi ma yana da ƙa'idojin da ya kamata a sani. Sitatus, wanda aka fito da shi a Fabrairun 2017, awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar mutum 256, amma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Ka ga ashe kalma mafi tsada da za ka gaya wa kwastoma bayan an gama ciniki ita ce, "Don Allah ka ajiye lambata." Akwai kuma WhatsApp Business tun Janairun 2018, inda za ka jera kaya da farashinsu, ka ware waɗanda suka biya da waɗanda ake bi bashi. Da yawa sun sauke shi amma ba su taɓa buɗe wannan ɓangare ba. Wani roƙo kuma ga 'yan uwa mata da maza: a daina jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, a daina zuba hoto hamsin a sitatus lokaci guda. Mutum ba zai gaya maka ya gaji ba, zai dai toshe ka ne shiru.

Sai batun makulli. Babu ɗan kasuwar da zai ba baƙo makullin shagonsa, amma kullum ana ba da na waya. Za a kira ka da murya mai daɗi, a ce taron ƙungiya ne za a yi ta intanet, ko an zaɓe ka cikin masu samun tallafi, an turo maka wasu lambobi shida, karanto su. Da ka karanta, asusunka ya tafi. Kafin ka farga an bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, ana cewa kaya sun sauka a turo kuɗi. Maganinsa yana cikin manhajar, wato makulli na biyu da ake kira tabbatarwa mai mataki biyu, kuma sa shi bai kai minti biyu ba. Akwai wata ɓaraka kuma da ta fi wannan yawa a kasuwanninmu, ba a dai maganarta ne. Alhaji ba ya son wahalar waya, sai ya ce wa yaron shago ko ɗan ƙaninsa ya buɗe wa shago shafi. Yaro ya buɗe da layinsa, wanda aka yi wa rajista da lambar NIN ɗinsa, da imel ɗinsa, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Shekara uku ana tara kwastomomi. Ranar da aka saɓa, ko ranar da aka yaye shi ya buɗe nasa shagon, da wa kwastomomin za su tafi? Ba sata ya yi ba, a takarda shafin nasa ne. Alhaji, ranka ya daɗe, ka bar yaro ya yi aikin, ya fi ka iyawa, amma layi da imel su zama da sunanka.

Abu guda da duk sauye-sauyen nan ba su taɓa ba shi ne tsoron mai saye. Sayen kaya ta waya cinikin biri a sama ne. Mutum zai tura kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba, kan abin da bai taɓa da hannunsa ba. Shi ma mai sayarwa yana tsoron alat na bogi, shi ya sa mai hankali ba ya sakin kaya sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗi sun zauna. Wanda ya iya kashe wannan tsoro shi ke riƙe kasuwa, ko a wane dandali yake. Ka rubuta farashi a fili, ka daina cewa a biyo ka ta bayan fage a ji kuɗi, domin mutane sun ɗauka mai ɓoye farashi fuska yake dubawa kafin ya yanka. Ka ɗauki kaya a hasken rana yadda launinsu yake. In akwai aibi ka nuna shi. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo, har a cikin WhatsApp tun 2024, ana iya gyara hoto ya fi kayan kyau nesa ba kusa ba. Malamanmu sun daɗe da ba wa wannan suna: algus ne, ko a mudu aka yi shi ko a kyamara. Kuma a nan hukuncinsa ba ya jira. Wadda aka aika wa leshin da bai yi kama da hoto ba za ta haɗa hotunan biyu gefe da gefe ta ɗora, na'urar nan da ta ƙi tura tallarka kuma za ta tura wannan da gudu, don babu abin da ke riƙe ido kamar tonon silili.

Na yabi WhatsApp a yau, to bari in cika muku labarinsa. Mutum biyu da suka kafa shi, Jan Koum da Brian Acton, sun yi suna wajen ƙin jinin talla a cikin manhajarsu. Dukansu sun bar kamfanin, ɗaya a 2017, ɗaya a 2018. A Yunin 2025 Meta ya sanar cewa zai fara sa tallace-tallacen kuɗi a ɓangaren da sitatus yake. Wato lungun nan da matan gida ke kasa dambu da turare kyauta, tsakanin hoton wannan da na waccan, mai kuɗi zai iya sayen wuri ya tsaya. Mun ga yadda aka fara a Facebook, mun ga yadda aka fara a Instagram. Da na gaya wa ƙanwata, ba ta ce komai ba, sai ta aiki ɗanta kanti ya sayo mata sabon littafi, domin na farkon saura shafi uku ya cika.